Aikin gyaran ido da leza: yaushe soja ke yi wa mai son tuƙa jirgi sassauci?

Duk shekara akwai samarin da ke cin jarrabawar rubutu da ta motsa jiki domin shiga rundunar sojan sama, amma su faɗi a ɗakin likitan ido. Tun da aikin gyaran gani da hasken leza ya yaɗu, da yawansu suna ganin an samu mafita: a tara kuɗi, a je Tunis ko Alƙahira ko Istanbul, a dawo babu tabarau. Sai dai ga likitocin soja, samun gani mai kyau bayan aiki rabin magana ce. Suna tambayar yadda idon yake kafin a taɓa shi, da irin aikin da aka yi masa, da tsawon lokacin da ya wuce. Amsar waɗannan tambayoyi uku ce ke nuna ko za a karɓi mai nema kai tsaye, ko sai da sassauci, ko kuma ƙofa ta rufe ke nan har abada.

Mene ne sassauci?

Kowace runduna tana da jerin sharuɗɗan lafiya da mai son tuƙa jirginta zai cika. Wanda ya gaza cika ɗaya daga ciki ana rubuta cewa bai dace ba. Sassauci, wanda ake kira “dérogation” da Faransanci, izini ne na musamman da hukumar soja ke bayarwa a rubuce, bayan likitocinta sun duba takardun mutum sun gamsu cewa matsalar da aka gano ba za ta jefa shi, ko jirgin, ko abokan aikinsa cikin haɗari ba.

Abu biyu ne ya kamata a fahimta. Na farko, sassauci ba haƙƙi ba ne da mutum zai tsaya ya ce sai an ba shi. Ana duba kowane mai nema shi kaɗai, kuma ana iya hana shi. Na biyu, likitan da ya yi aikin ba shi da ta cewa a wannan hukunci. Takardarsa shaida ce kawai da za a sa cikin fayil.

Haka kuma dokar jiragen fasinja daban take. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda masu Faransanci suka sani da OACI, tana barin wanda aka yi wa aikin ido ya tuƙa jirgi idan aikin bai bar masa wata illa da za ta hana shi tuƙi lafiya ba. Amma yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta fitar da jiragen soja daga ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji. Saboda haka mutum yana iya samun takardar lafiya ta tuƙa jirgin fasinja, soja kuma su ce ba su yarda da idonsa ba.

Me leza ke yi wa ido?

A gaban ido akwai wani tantani mai haske kamar gilashi, wanda likitoci ke kira korniya. Kaurinsa a tsakiya ya ɗan zarce rabin milimita, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Wanda ba ya gani sosai daga nesa, galibi ƙwayar idonsa ta fi ƙima tsawo daga gaba zuwa baya, sai haske ya haɗu kafin ya kai inda ya kamata. Leza tana kankare ɗan wani sashe na korniya domin ta rage mata tudu. Gwargwadon girman lambar tabarau, gwargwadon naman da za a kankare, kuma abin da aka cire ba ya dawowa.

Hanyoyin yin aikin sun bambanta, kuma soja suna kula da bambancin sosai.

A hanyar PRK, wadda Faransawa ke rubutawa PKR, ana cire fatar saman korniya a yi aiki a kai tsaye, fatar ta sake tsirowa cikin ƴan kwanaki. Tana da zafi a kwanakin farko, gani kuma yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita, amma ba ta barin wani yanki da zai iya gocewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995.

A hanyar LASIK, ana yanka ɗan murfi siriri a saman korniya, a ɗaga shi, a kankare ƙasansa, a mayar da shi. Mutum yana fara gani da kyau washegari, shi ya sa ta fi farin jini. Sai dai murfin ba ya komawa ya manne da ƙarfinsa na asali.

A hanyar SMILE, wadda Amurka ta amince da ita a 2016, leza tana yanka wani ɗan faifai a cikin naman korniya, a zaro shi ta ƙaramar kafa, ba tare da ɗaga murfi ba.

Akwai kuma tsohuwar hanyar da likitan Tarayyar Sobiyet Svyatoslav Fyodorov ya yaɗa a shekarun 1970, inda ake tsattsaga korniya da wuƙa kamar wayoyin ƙafar keke. Wannan hanya tana raunana korniya har gani ya riƙa sauyawa tsakanin safe da yamma, da kuma lokacin da iskar shaƙa ta yi ƙaranci. A 1996, wani likita Ba'amurke mai suna Beck Weathers, wanda aka yi wa irin wannan aiki, ganinsa ya dushe yana can kusa da ƙololuwar dutsen Everest. Har yau ƙa'idar ɗaukar soja ta Amurka tana ƙin wanda aka yi wa wannan aiki.

Abin da ya sa soja suka daɗe suna ɗari-ɗari

Ɗakin matuƙin jirgin yaƙi wuri ne mai wahala ga ido. A jirgi irin F-16, idan aka yi kwana da sauri, nauyin jikin matuƙi yana iya ninkawa har sau tara. Iskar ciki busasshiya ce. Idan jirgi ya samu matsala, kujerar tsira tana cilla matuƙi waje cikin iska mai gudun ɗaruruwan kilomita a sa'a guda. Tambayar da likitocin soja suka yi ta yi ita ce: shin murfin LASIK zai tsaya a wurinsa a irin wannan hali?

Damuwa ta biyu ita ce dare. Wasu da aka yi wa aikin suna karanta allon gwaji har layin ƙarshe da rana, amma da dare sai su riƙa ganin zobe ko tartsatsi kewaye da fitilu, ko su kasa bambance abu mai duhu a cikin duhu. Ga mai tuƙa mota wannan damuwa ce. Ga wanda zai sauke jirgi a kan jirgin ruwa cikin dare, ko ya tashi da jirgi mai saukar ungulu yana sanye da na'urar gani da dare, magana ce ta rai da mutuwa.

A ɗaya gefen kuma, tabarau ma yana da nasa matsalolin. Yana yin tururi, yana zamewa, ba ya zama daidai ƙarƙashin hular kwano da abin shaƙar iska. Ga kuma asarar ƙwararrun matasa da ake kora saboda ƴar ƙaramar lamba. Wannan ne ya sa rundunar sojan ruwan Amurka ta fara gwajin PRK a kan dakarunta tun shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin likitan ido Steve Schallhorn, aka bi su ana auna ganinsu da rana da dare. PRK ce aka fara yi wa sassauci. Bayan an tara shaidar cewa murfin LASIK da ya warke yana jure tsayi da iska mai ƙarfi, a watan Mayun 2007 rundunar sojan saman Amurka ta buɗe ƙofa ga masu neman tuƙi da aka yi wa LASIK, ta kuma cire iyakar da ta sa musu a kan nau'in jirgi. A watan Satumba na wannan shekarar, hukumar NASA ta yi haka ga ƴan sama jannati.

Sharuɗɗan da ake dubawa

Amurka ce ta fi wallafa ƙa'idojinta a fili, don haka nata misalin ya fi saukin bi. Umarnin ma'aikatar tsaro mai lamba 6130.03, a sigarsa ta 2018, ya ce aikin leza yana hana mutum shiga soja idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: lambar ido kafin aiki ta wuce 8.00, ko ta rashin ganin nesa ko ta rashin ganin kusa. Karkacewar korniya, wato astigmatizim, ta wuce 3.00, ba a cika kwana 180 da yin aikin ba, an samu matsala bayan aiki ko ana ci gaba da shan magani saboda shi, ko kuma ganin bai tsaya wuri ɗaya ba. Ana tabbatar da tsayuwar gani ne da awo biyu, aƙalla wata guda tsakaninsu, kuma bambancinsu kada ya wuce 0.50.

Wannan ƙa'idar shiga soja ce gaba ɗaya. Mai son tuƙi yana da wani mataki a gaba, domin sojan sama da na ruwa da na ƙasa kowanne yana da littafin sassaucinsa da lambobinsa, kuma ana sabunta su lokaci zuwa lokaci. A sojan ruwa, cibiyar likitocin jiragen sama da ke Pensacola a jihar Florida ce ke duba fayil ta ba da shawara. A sojan sama, ana sake auna idon masu neman tuƙi a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio. A can ana ɗiga maganin da ke kwantar da jijiyar da ke sa ido ya daidaita kansa, domin ainihin lambar ta fito, ana ɗaukar taswirar korniya, ana leƙa bayan ido, ana kuma neman gani ya kai goma bisa goma a kowane ido.

Da shekaru suka wuce, an sassauta har ta kai wanda aikinsa ya tafi lafiya kuma ya cika sharuɗɗa ba ya shan wahalar da na da suka sha. Amma buƙatar takardun kafin aiki ba ta gushe ba.

Me ya sa tsohuwar lamba ke bin mutum?

A ɗauki samari biyu da suka zo gwaji rana ɗaya, dukansu suna gani goma bisa goma bayan aiki. Na farko lambarsa kafin aiki 2.00 ce, na biyu 9.00. A allon gwaji babu bambanci tsakaninsu. A wurin likitan soja kuwa idanu biyu ne mabambanta.

Dalili na farko yana bayan ido. Ƙwayar ido mai lafiya tsawonta kusan milimita 24 ne. Wadda lambarta ta yi yawa ta fi haka tsawo, kuma shimfiɗar da ke ɗaukar hoto a bayan ido, wato retina, ta miƙe ta yi siriri. Irin wannan ido ya fi fuskantar haɗarin yagewar retina ko ɓallewarta. Leza ta gyara gaban ido ne kawai. Tsawon ƙwayar yana nan yadda yake, haɗarin ma haka.

Dalili na biyu yana gaban ido. Gyara lamba 9.00 yana cin naman korniya mai yawa. Idan abin da ya rage ya yi siriri, korniya tana iya fara tudu ta karkace bayan shekaru, gani ya lalace ta yadda tabarau ba zai gyara ba. Manyan lambobi kuma sun fi saurin dawowa kaɗan-kaɗan, sun fi kawo matsalar gani da dare.

Soja suna lissafin shekaru ashirin ne masu zuwa, domin horar da matuƙi yana cin kuɗi mai yawa. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2019 ya nuna cewa horar da matuƙin F-16 ɗaya yana cin kusan dala miliyan 5.6, na F-22 kuma kusan miliyan 10.9. Wannan lissafin ne kuma ya sa aka fi yi wa matuƙin da ya riga ya ƙware sassauci fiye da sabon mai nema: na farko an riga an kashe kuɗi a kansa kuma ya nuna iyawarsa, na biyu kuwa akwai wasu da yawa a layi bayansa.

Idan takardun kafin aiki sun ɓata, babu yadda likita zai tabbatar da tsohuwar lamba daidai. Mutum yana iya zama lambarsa ƴar ƙarama ce, amma fayil ɗinsa ya tsaya saboda babu shaida.

Tsarin Faransa da ƙasashen yankin

Masu karatu a Kamaru, Chadi, Nijar, Benin ko Burkina Faso sun fi saba jin kalmar SIGYCOP, tsarin auna lafiyar soja da Faransa ta yi shekaru masu yawa tana aiki da shi, wanda wasu rundunonin Afirka masu amfani da Faransanci suka gada. Kowane harafi yana wakiltar wani sashe na jiki: Y na ido da gani ne, C kuma na bambance launi. Ƙaramar lamba ita ce mafi kyau. Ga ma'aikatan cikin jirgi, Faransa tana da ƙarin ma'auni na daban, wanda ya haɗa da na gani da na launi da na ji, kuma cibiyoyi na musamman ne ke yin gwajin, babbarsu tana asibitin soja na Percy a Clamart, kusa da Paris. Don haka samun Y mai kyau a gwajin shiga soja bai nufin an ci gwajin tuƙi ba.

Abin da ke ƙara wa matasan yankin wuya shi ne, horon tuƙi sau da yawa yana ƙetare iyaka. Makarantar sojan sama ta Salon-de-Provence a Faransa ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga Afirka. Sansanin sojan sama na Garwa a arewacin Kamaru ya horar da matuƙa daga ƙasashen yankin. Matuƙan Najeriya da ke tuƙa jiragen Super Tucano, waɗanda aka kawo a 2021, sun yi horo a sansanin Moody da ke jihar Georgia a Amurka. Wanda ƙasarsa ta zaɓa zai sake fuskantar sharuɗɗan ƙasar da za ta horar da shi. Sassaucin da aka ba shi a gida ba ya tilasta wa wata runduna, kuma abin da Amurka ta yarda da shi ba lalle ne ya zama doka a Yawunde ko Njamena ko Yamai ba.

Yanayin Sahel ma yana da hannu a cikin maganar. LASIK tana yanke wasu ƙananan jijiyoyin korniya, abin da ke kawo bushewar ido na tsawon watanni, hunturu da ƙura kuma suna ƙara tsananta shi. Bayan PRK, hasken rana mai ƙarfi yana iya sa wani hazo ya fito a korniya, shi ya sa likitoci ke matsa wa mutum ya riƙa sa baƙin tabarau na watanni. Sannan akwai ƙaiƙayin ido mai naci da ke damun yara da yawa a ƙasashe masu zafi, wanda ke sa farin ido ya koma ruwan ƙasa. Yawan murza ido yana da alaƙa da ciwon da ke sa korniya ta yi tsini, wanda likitoci ke kira keratokonus. Wanda ke da wannan ciwo bai kamata a yi masa LASIK ba sam, kuma ciwon kansa yana hana shiga tuƙin soja. Asibitin da ya yi gaggawar yin aiki ba tare da ɗaukar taswirar korniya ba yana iya jawo wa mutum asarar da ta fi ta aikin soja.

Abin da leza ba ta gyarawa

Gwajin idon matuƙi ya wuce karanta haruffa. Akwai bambance launi, musamman ja da kore, wanda ake aunawa da faranti masu ɗigo-ɗigo na Ishihara, ko da fitilar Beyne a tsarin Faransa, ko da kwamfuta. Matsalar launi ta gado ce, ta fi yawa a maza, kuma babu aikin da ke gyara ta. Akwai auna zurfi da tazara, wanda ke buƙatar idanu biyu su yi aiki tare. Akwai harara-garke na ɓoye, da faɗin gani ta gefe, da matsin ruwan cikin ido. Idan ido ɗaya ya tashi da rauni tun yarinta, leza ba za ta kai shi goma bisa goma ba. Duk waɗannan ana iya auna su da kuɗi kaɗan kafin a yi maganar aiki, kuma idan ɗayansu ya gaza, kuɗin leza ba zai buɗe ƙofar tuƙi ba.

Wasu kuma suna tunanin su yi aikin su yi shiru. Taswirar korniya tana nuna wurin da aka kankare a fili, kuma likita yana iya ganin gefen murfin LASIK da na'urarsa ko bayan shekaru. Wanda aka kama ya ɓoye ya sauya matsalar lafiya, wadda ake iya yi wa sassauci, ta koma matsalar rashin gaskiya, wadda soja ba sa yafewa. A dokar sojan Amurka, shiga aiki ta hanyar ɓoye abin da zai hana a ɗauki mutum laifi ne da ake hukuntawa.

Kafin a kwanta ƙarƙashin leza

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mataki na farko shi ne neman sharuɗɗan rundunar da ake son shiga, a rubuce, daga sashen lafiyarta, na shekarar da ake ciki: shin tana karɓar wanda aka yi wa aiki, wace hanya ta yarda da ita, mece ce iyakar lamba, shekara nawa mutum zai kai kafin a yi masa, kuma wata nawa zai jira. Wani lokaci amsar tana nuna cewa aikin ma ba dole ba ne. Sojan ruwan Amurka, alal misali, suna karɓar ɗalibin tuƙi da ke ganin biyar bisa goma babu tabarau, muddin tabarau zai kai shi goma bisa goma. Makarantun hafsoshin Amurka kuma suna yi wa ɗalibansu aikin da kansu idan lokaci ya yi, a hannun likitocin soja.

Shekaru ma suna da muhimmanci. Idon matashi yana ci gaba da sauyawa har cikin shekaru ashirin da wani abu. Likitoci suna son lamba ta tsaya aƙalla shekara guda kafin aiki, domin wanda aka yi wa da wuri yana iya ganin lambar ta dawo a daidai lokacin da zai je gwaji.

Wanda ya yanke shawarar yi, ya tabbata ya bar asibiti da cikakken fayil: awon lamba na kafin aiki, har da wanda aka yi da maganin ɗigawa, taswirar korniya da kaurinta, rahoton aikin da ke nuna rana, da hanyar da aka bi, da irin na'urar, da awon duk wata komawa bayan aiki. Ga wanda ya yi tafiya wata ƙasa, wannan ya fi muhimmanci, domin neman takarda daga asibitin da ke nesa bayan shekara biyu abu ne mai wuya. A ajiye kwafi a waya, a ajiye na takarda a gida, a kuma lissafa watannin jira tun kafin ranar buɗe ɗaukar sababbin hafsoshi.